Murhun Asama'u Mai Wankan Jego

A Ƙofar Kuyambana, idan mace ta sauka lafiya, kafin labari ya kai ga dangin miji ya riga ya kai ga Asama'u. Ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibi. Nata aikin yana farawa ne bayan guɗa ta lafa. Za ta shigo da damin ganyen darbejiya a ka, ta dubi tukunyar gidan ta raina ta, ta sa a aro wadda ta fi girma, ta jera duwatsun murhu a lungun da ke kusa da makewayi, ta hura wuta. Safe da yamma har a yi arba'in, ita ke tafasa ruwan, ita ke tsoma ganye ta fyaɗa wa mai jego a baya da ciki, ita ke dama kunun kanwa ta tsaya a kai sai ta ga ƙasan kwano. Matan manyan ma'aikata, masu digiri bibbiyu, sun yi kuka a hannunta suna kiran iyayensu.

"Yi ihunki, 'yar nan," takan ce. "Ranar da kike juyi a gaban makaɗa ai ba ki neme ni ba."

Ita kanta ba 'yar birni ba ce. A wani ƙauye da ke bayan dutsen Kufena aka haife ta, gidan manoma, aure ya kawo ta cikin ganuwa, gidan Malam Audu mai ɗinkin manyan riguna. Gidan malamai ne tun kakanni. Ƙannen mijinta mata suna jan baƙi kamar ruwa, ita kuwa daga Fatiha sai gajerun surori. Ba su zage ta ba ko sau ɗaya. Sukan dai dubi juna idan ta yi magana, su yi ɗan murmushi, wani lokacin ma su roƙe ta ta maimaita.

Da ta haifi ɗanta na fari aka raɗa masa Zulkiflu, sai ta samu abin da za ta fi su. A ƙauyensu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa magana kai tsaye. A cikin birni an fara sassauta wannan alkunya, wasu ma sun ajiye ta. Asama'u ta ɗauke ta da hannu biyu. Da aka yaye shi, yayar mijinta, Gwaggo Binta ta Tudun Jukun, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, ta ce a ba ta shi. Asama'u da kanta ta ƙulle masa kayansa a ɗankwali, ko zaure ba ta raka su ba. Tsofaffin gidan suka yi ta yabo, suna cewa yarinyar nan ta san mutunci, irin karar da aka daina gani. Ta ji daɗin yabon. Daɗin nan ne ya tare mata kukan a maƙogwaro, kuma tun daga ranar bai sake samun hanya ba.

Tun daga nan sunansa a bakinta ya zama ɗan Binta. Shi kuma ya tashi yana gaishe ta daga nesa, a durƙushe, kansa a ƙasa, ita tana amsawa tana kallon bango. Da autarta Ummukulsum ta yi wayo, sai ta zama hanyar da magana ke bi tsakaninsu. Ko a tsakar gida ɗaya suke, Asama'u za ta raɗa wa Ummukulsum, Ummukulsum ta taka ta kai. Malam Audu ya rasu, Gwaggo Binta ta bi shi, Ummukulsum ta zama malamar firamare ta yi aure a nan unguwar, Zulkiflu ya fara furfura a gemu, amma hanyar nan ba ta canza ba.

An ce mata ya zama dakta, amma ba na duba mutane ba. A jami'a yake, can Samaru, yana binciken huhu. Idan masu jego suka tambaye ta aikinsa, takan taɓe baki ta ce, "Wai huhu yake kiwo a faranti, kamar mai kiwon 'yan tsaki." Sai ta ƙara itace a wuta don kada a ga fuskarta, domin duk lokacin da ta faɗi haka sai ta ji kanta ya ƙara tsawo.

Tarin ya daɗe da ita har ta daina jinsa. Wanda ya shekara talatin da wani abu yana durƙuso gaban ɗanyen itace a lungun da iska ba ta shiga, yana kunna wuta da leda idan damina ta jiƙa komai, ba ya tsayawa lissafin tari. Numfashin ne ya ba ta tsoro. Tafiyar da take yi a miƙe daga Kuyambana zuwa Ƙofar Galadima ta koma sai ta zauna a dakalin wani, ta yi kamar tana gyara takalmi. Guga ɗaya daga rijiya, sai ta ga gari ya yi duhu da rana tsaka. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta san abin da zai biyo baya: a shimfiɗa mata katifa a ɗaki, a hana ta wuta, a riƙa leƙowa ana yi mata sannu. A gaban tukunya kaɗai ne maganarta take doka. Idan aka raba ta da ita, za ta koma baƙauyar nan da aka kawo gidan malamai, sai dai yanzu da furfura.

Wata Asabar da damina, bayan la'asar, Zulkiflu ya yi sallama. A lokacin matar wani ɗan ɗan'uwan mijinta tana jego a gidan, tukunya na kan wuta a lungu. Ya shigo da wata na'ura mai girman rediyo, ya durƙusa a gindin bishiyar mangwaron da ke bakin zaure ya yi gaisuwa. An riga an san zai tafi wata jami'a a Turai, shekara biyu ko uku, jirginsa a makon da ke tafe.

"Ummu," ya ce wa ƙanwarsa, "ki roƙar min Inna, ina so a rataya wannan a kusa da murhunta. Hayaƙin nake so."

Ummukulsum ta tafa hannu. "Yaya, duk bokon nan da aka sha, a hayaƙin Inna ya ƙare? Da ka faɗa tun tuni ai da mun ɗura maka a buhu."

"Ke dai je ki. Bakinki ya fi aikinki."

Asama'u ta ji komai, amma ta jira aka kawo mata saƙon. Ta ɗaga kafaɗa. Ummukulsum ta rataye na'urar a ƙusar da ke jikin katanga, ta danna inda aka nuna mata, abin ya kama wani ɗan gurnani kamar mage. A cikinsa akwai farar takarda zagayayya, ita ce za ta kama toka da baƙin da ke cikin hayaƙin. Zulkiflu ya ce shi kuma zai wanke abin da ta kama, ya ɗiga a kan ƙwayoyin huhun da ke farantinsa, ya ga yadda za su yi.

"Yaya za su yi kuwa? Tari?" in ji Ummukulsum.

Ya yi dariya, ya gyara zama a kan turmin da ke kife. Ummukulsum yake kallo, amma ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata, kuma Asama'u ta lura.

Ya ce jikin mutum duk ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace kamar gida ce mai katanga. A tsakiyarta akwai turaka, inda aka ajiye umarnin yadda komai zai gudana. Sannan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu yawa, sunansu mitokondiriya, su ne murhun gidan. Su ke karɓar iskar da aka shaƙa da abincin da aka ci, su fitar da ƙarfin da ake motsi da shi.

"To idan hayaƙi ya yi ta shiga huhu, suna cikin waɗanda ke fara jigata. Su kuwa ba sa shiga turaka. Aike suke yi."

"Wa suke aika? Suna da Ummukulsum ɗinsu ke nan?"

"Suna da ita, amma tasu ba ta da surutu. Wani ɗan tartsatsi suke saki, da wasu sinadarai, su bi ta cikin ƙwayar har labari ya kai turaka cewa murhu na cikin wahala. Idan saƙon ya isa da wuri, turaka sai ta ba da umarni a turo masu gyara, a kwashe murhun da ya lalace, a gina sabo. Idan kuwa wahalar ta daɗe, sai murhun ya fara tsagewa, abin cikinsa ya zubo. Ƙwayar ta ɗauka baƙo ne ya shigo, ta tayar da faɗa a kan kanta. Daga nan sai kumburi, sai tabo. Abin da nake nema shi ne in gane saƙon farkon, tun yana ƙarami."

Asama'u tana durƙushe, bayanta gare su, tana fifita wuta. Wani tari ya taso mata, ta danne shi har idonta ya kawo ruwa.

"Kin san wani abu?" Zulkiflu ya ƙara, muryarsa ta ɗan sauka. "Su murhun nan, daga uwa kaɗai ake gadonsu. Uba ba ya ba da ko ɗaya. Duk wanda ke jikina na Inna ne."

"Shi ya sa kake da zafi," in ji Ummukulsum.

Babu wanda ya yi dariya. Tarin da Asama'u ta danne ya ƙwace, ya fito mai zurfi, mai ƙara kamar ana jan turmi a kan siminti, ya daɗe bai sake ta ba. Da ya lafa, Zulkiflu ya dubi ƙanwarsa.

"Ummu," ya ce, "ki tambayi Inna, tarin nan yaushe ya fara?"

Ummukulsum ta tako ta durƙusa kusa da ita. Asama'u ta dubi wutar. Ta gane ba neman hayaƙi kaɗai ya kawo ɗanta gidan ba, kuma duk dogon bayanin nan ba don Ummukulsum aka yi shi ba. Sai ta ji wani abu ya saki a ƙirjinta, ta matso da bakinta kunnen 'yarta, ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

"Ki ce wa ɗan Binta, tun daminar bara ƙirjin nan ba nawa ba ne. Idan na ja guga duhu nake gani. Ki ce masa iskar ba ta isa ƙasa."

Ummukulsum ta dube ta, idonta ya firfito. Ta miƙe a hankali. Tsakar gidan ba wani faɗi gare ta ba, amma a tsakanin lungu da gindin mangwaro saƙon ya rame. Asama'u ta ga hakan a tafiyarta tun kafin ta buɗe baki. Mai tafiya ba a ɗora masa mugun labari. Marar lafiya kuma, ko yana gargara, da sauƙi ake cewa. Haka aka koya wa Ummukulsum, kuma Asama'u ce ta koya mata. Ban da wannan, yarinyar ta tsorata, kuma wanda ya tsorata yakan so a ce ba komai, ko da shi zai faɗa da bakinsa.

"Ta ce sanyin damina ne, Yaya," in ji Ummukulsum da muryar aji, wadda ake ji har maƙwabta. "Ta ce da sauƙi. Allah ya kai ka lafiya."

Asama'u ta ji kowace kalma. Abin da ya rage mata kaɗan ne: ta juyo, ta ce ba haka na ce ba. Amma juyowar nan tana nufin ta dubi idonsa ta yi masa magana, a gaban mai jego da ke leƙe ta labule, bayan shekara arba'in ana nuna ta ana cewa ga mai kara. Ta tsaya tana jira. A ranta cewa take, shi ne mai karatu, shi ne ya ce aikinsa gane ƙaramin saƙo. Ɗan Zazzau ne, ya san abin da ake nufi da da sauƙi. Ya taso mana, ya tako tsakar gidan nan da ƙafarsa, ya durƙusa a nan cikin hayaƙi ya tambaye ni.

Ta saci kallonsa ta gefen mayafi. Yana murza yatsunsa. Sai ta ga kafaɗunsa sun sauka, kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce mata ta riƙa shan ruwan ɗumi, kuma ta rage zama a hayaƙi."

Saukar kafaɗun nan ce ta rufe mata baki, ba kunya ba. Ya tambaya ne don a ce masa ba komai, ya hau jirginsa da zuciya fara. To ta ba shi. Kuma a can ƙasan ranta, inda ba ta son leƙawa, akwai wata 'yar murya da ta ce, bar shi ya tafi, wata rana zai tuna da yammacin nan.

Kafin magariba ya sa aka ciro na'urar. Ya buɗe ta, ya zaro takardar da ɗan ƙarfe mai baki biyu. Ta shiga fara, ta fito kamar gindin tukunya. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya saka ta a leda, ya durƙusa daga nesa ya yi sallama, ya fita.

Daga Turai yakan kira wayar Ummukulsum, a gaisa, a ce Inna na gaishe shi, jiki da sauƙi. Ummukulsum ta yi ƙoƙarin jan ta asibiti, Asama'u ta ce ita ba ta da lokacin zaman layi, ga mata na ta haihuwa. Da yarinyar ta matsa, sai ta ce mata, "Ba ke kika ce sanyin damina ne ba?" Ummukulsum ba ta ƙara tayar da maganar ba. Asama'u ta ga yadda kalmar ta soke ta, kuma ba ta janye ba.

Ta yi wa mata da yawa wanka bayan nan. Na ƙarshe a wani gida ne a Ƙofar Galadima, inda aka same ta kwance a gefen murhu da ganye a hannu, ruwa na tafasa, leɓɓanta sun yi baƙi. A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙirjinta a gaban fitila, ya yi wa Ummukulsum bayani a hankali. Abin da ya lalace ba ya dawowa. Za a iya rage mata wahala, a hana shi saurin ci gaba. Da an raba ta da hayaƙi tun da numfashin ya fara gazawa, da abin da ya rage mata ya fi haka. Asama'u na kwance tana ji. Ba ta bukaci a fassara mata ba, ta riga ta ji labarin a gindin mangwaro.

Aka shimfiɗa mata katifar da take gudu. Zulkiflu ya aiko da injin da ke tace iska, mai siririyar roba da ake saƙalawa a hanci. Bayan wata biyu ya biyo shi da kansa, bai ƙarasa abin da ya je yi ba.

Da hantsi ya iso. Ummukulsum ta fita karɓo magani, gidan ba kowa, yara suna makaranta, mata suna kasuwa. Ya yi sallama a ƙofar ɗakin, ya durƙusa a dokin ƙofa kamar kullum. Suka jira wanda zai ɗauki magana, ba kowa. Sai ta ji ya cire takalmi. Ya shigo, ya zauna a kan tabarma kusa da katifar, kusa har tana jin ƙamshin sabulun rigarsa. Rabon da ya kusance ta haka tun ranar da ta ƙulle masa kaya a ɗankwali.

"Inna," ya ce. Da ita yake, ba da wani ba. "Yaya jikin?"

Ta juyo ta dube shi sosai. Gemun Malam Audu ne, amma goshin nata ne, da kunnuwan. Ta tuna abin da ya ce, duk murhun da ke jikinsa nata ne. Ashe tun can ba komai aka bai wa Binta ba.

Tana da magana, ta daɗe tana shirya ta a kan katifar nan. Tana so ta ce masa saƙon da ta bayar ba shi aka kai ba. Tana so ta ce ta ji ana rage saƙon kuma ta yi shiru, ta ga saukar kafaɗunsa. Tana so ta fara da sunansa, ta ji yadda zai zauna a bakinta. Ta ja iska iya ƙarfinta, iskar ta tsaya a inda ta saba tsayawa. Ta san abin da ta samu ba zai ɗauki doguwar magana ba, kalma biyu ne ko uku, sai ta zaɓa. Tana cikin zaɓen, harshenta ya riga ta, ya bi hanyar da ya sani.

"Da sauƙi," ta ce.

Maganarta ta farko ke nan gare shi, baki da baki.

Ya sunkuyar da kai. Wannan karon kafaɗunsa ba su sauka ba. "Allah ya ƙara sauƙi," ya ce. Ya miƙa hannu ya gyara mata robar da ta zame daga kunne, yatsunsa suka taɓa kumatunta, ya bar su a wurin kaɗan.

Ta sake jan iska don ta gyara, tari ya karɓe. Ya tallafe ta har ya wuce, ya ba ta ruwa. Suka zauna suna sauraren injin.

Can sai aka yi sallama a zaure, muryar wata mata ce, tana haki. Wai 'yarta ta sauka da safe, namiji, an ce a zo a gaya wa Asama'u. Daidai lokacin Ummukulsum ta dawo, suka ji tana yi wa matar barka, tana tambayar lafiyar mai jego. Sannan ta rage murya, amma muryar aji ba ta raguwa.

"Ai Inna ta daina," ta ce. "Sai dai ku nemi wata."